Awon Wuyan Gwaggo Tela

Duk layin shagunanmu, in ka ambaci Gwaggo Tela, kafin a tuna maka da shekara talatin da ta yi a kan keken ɗinki, sai an fara ba ka labarin ranar da ta ɗinke kanta a jikin rigar Malama.

Wata Talata ce da hantsi. Malama, shugabar makarantar da ke bayan layin, ta zo karɓar doguwar rigarta tana sauri, saura kalmasar ƙasa kawai. Gwaggo ta ce ta tsaya minti biyar, in ba za ta iya ba ga hanya nan. Ta ɗora ƙafa a kan keke, ta fara. Ana tsakiyar kalmasa barci ya ɗauke ta. Ƙafar da ta shekara talatin tana taka keke kuwa ba ta neman izinin kai, sai ta ci gaba da aikinta. A lokacin Gwaggo ta tsiro da naɗe wuya da mayafi ninki biyu ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Gefen mayafin ya sulale ƙarƙashin allura, ya bi rigar har taku biyu. Da keken ya tsaya, Malama ta tsinke zaren da kanta, ta figi rigarta ta juya. Sai ga Gwaggo ta biyo ta da ka har bakin ƙofa, ido a rufe, baki a buɗe.

Mai gyaran takalmi da ke zama a gefen shagon ya yi dariya har ƙusa ta faɗo daga bakinsa. Da almakashi aka raba su. Gwaggo ba ta ba da haƙuri ba. Cewa ta yi duk shugabar da ke figar kaya kamar ɓarauniya, Allah kaɗai ya san abin da take koya wa yara.

Ƙanwar babana ce, saboda haka ina da hurumin faɗar gaskiya: almakashi biyu gare ta, ɗaya a hannu, ɗaya a baki, kuma na bakin ya fi kaifi. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai shago a gaba da 'ya'ya huɗu, da wannan keken ta raine su duka. Ba ta taɓa yi wa mai kawo ɗinki murmushi ba. In kika ce rigar ta matse ki, sai ta ce ba rigar ce ta ci abinci ba. In kika kawo hoton wani ɗinki a waya, sai ta duba hoton, ta dube ki, ta ce, "Ita wannan tana da ƙugu." Duk da haka mata na layi, don wuyan rigar da Gwaggo ta yanka ba ya ɗagewa, ba ya zamewa. Tana da wani tsohon littafin awo mai baƙin bango, inda ta rubuta wuya da kafaɗa da ƙirjin rabin matan unguwa, har da nata, don duk sanda za ta yi wa kanta riga sai ta sake aunawa ta sa kwanan wata. Ta ce tela da ya yarda da awon bara bai san cikin mutane ba.

Shekara uku kafin abin da ya faru da Malama, Gwaggo ta fara canzawa a hankali. Fuska ta kumbura, murya ta dushe, gashi na bin mataji, ga jin sanyi, ga barci. Faɗan bai ragu ba, sai dai ya daina zuwa kan lokaci. In ka ɓata mata rai yau, sai gobe da yamma zagin zai iso, ka ma manta laifinka.

Babban ɗanta shi muke kira Injiniya, ba don ya yi karatun ba, sai don yana gyaran janareta a wata rumfar kwano a bakin titi. An ba su sanarwar tashi za a faɗaɗa hanya, idonsa kuwa ya daɗe a kan shagon gida. Da labarin Malama ya kai masa, ko hannu bai wanke ba ya taho.

"Inna, ya isa haka. Yau mayafi ne, gobe yatsa. Makon jiya kin bar dutsen guga a kan zanen mutane. Tsufa ne ya zo, ba abin kunya ba ne. Ki koma ciki ki huta, ni in shigo da kayana."

Ta daɗe tana kallonsa kafin amsar ta iso.

"Da wannan baƙin hannun za ka shigo min shago? Wandon da ka fara sawa a duniya, a nan na ɗinka shi, a nan kuma ka jiƙa shi."

"Ki faɗi duk abin da za ki faɗa. Wata uku aka ba mu. In wata uku ya cika kina wannan gyangyaɗin, wallahi da kaina zan ɗauke keken nan in kai shi ɗaki."

"Ka taɓa shi ka gani."

"Zan taɓa. Ko ki je asibiti a duba ki, ko ki ba ni makulli."

Don kada ta ba da makulli ta yarda da asibiti, ni aka ɗora wa rakiya. Likitar wata matashiya ce mai tabarau, ta latsa wuyan Gwaggo, ta sa ta haɗiyi ruwa, ta rubuta gwajin jini da hoton wuya. Wanzami ba ya son jarfa: matar da ta auna rabin unguwa ba ta ji daɗin a auna ta ba. Mai ɗibar jini ya sha tambayar ko sayar da shi zai yi. Mai hoto, da ya kwantar da ita ya shafa mata wani mai sanyi a wuya ya fara goga na'urarsa, ta ce masa ko guga bai iya ba. Bayan kwana uku muka karɓo takardu biyu, aka ce mu dawo ganin likita nan da kwana goma. Kwana goman nan su suka kusa cinye shagon, don takarda ta shigo gidan da kowa ke ganin ya iya karatu.

Injiniya ya fara. Ya shimfiɗa takardar jini a kan teburin yanka, ya bi da yatsa. Layi uku ne. Na farko an rubuta TSH, an sa talatin da takwas, a gefe an nuna na mai lafiya ba ya wuce huɗu. Na biyu T4, yana ƙasa da inda ya kamata. Na uku TPO, ɗari shida da wani abu, na mai lafiya kuwa bai kai arba'in ba. Ya koma takardar hoto, ya ga an ambaci wasu ƙananan tabo-tabo a cikin naman, ya duba wayarsa na minti biyu, ya ɗago da jan ido.

"Ciwon daji ne. Ga shi nan, komai ya haura. Inna, daga yau ba keke."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Gwaggo. "Miƙo min nan."

Ba ta jin Turanci, amma lamba ba ta ɓoye mata. Ta sa na karanta mata takardar hoton. An rubuta ɓangaren dama biyar da ɗigo shida, na hagu biyar da ɗigo uku. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta zaro tef ɗin awo da ke rataye a wuyanta, ta zagaya wuyan da shi, ta danne da farce, ta nuna mana.

"Inci sha biyar. Ku duba da idonku. Ko an haɗa damar da hagun, sha ɗaya bai cika ba. Wannan wuyan yaron goye ne. Sun ba ni takardar wani, marasa tsoron Allah. Wanda bai iya awo ba, jininsa ma ban yarda da shi ba."

Na ce mata ko da santimita suka auna. Ta juya tef ɗin ta ɗaya gefen, ta sake zagayawa, ta samu talatin da takwas, ta ce to ga shi ƙaryar ta ƙara nisa. Daga nan gida ya rabu biyu. Injiniya na cewa uwarsa na da ciwon ajali, har ya zo da igiya yana auna faɗin ƙofar shago don ya ga ko babban janareta zai shiga. Gwaggo na cewa lafiyarta ƙalau, takardar ta wani ce, ba inda za ta koma sai don ta mayar musu da kayansu. Suka daina gaisawa. In ya shigo tsakar gida sai ta ce da bango, "Ana jin warin mai." Shi kuma ya ce da ni, "Ka gaya wa gwaggonka saura wata biyu da kwana ashirin."

Ranar komawa mu uku muka tafi, kowa da niyyarsa. Injiniya na so likita ta furta da bakinta cewa a daina aiki. Gwaggo ta sa tef a wuya, ta ɗauki baƙin littafinta a hammata kamar mai zuwa kotu.

Ko zama ba ta yi ba ta dangwarar da takardun a teburin likita.

"'Yar nan, ga kayanku. Ku nemi mai su."

"Sannu Mama. Me ya faru?"

"Wuyana sha biyar ne. Wancan mai shafa wa mutane mai ya rubuta biyar da 'yan kai. Shekara talatin ina auna wuya, ba yaron da zai zo da talabijin ya koya min."

Likitar ta cire tabarau. Na ga alamar ita ma ba ta rasa nata bakin ba.

"Mama, in aka kawo miki riga a ce ki auna aljihu, rigar duka kike aunawa?"

"Wane sakarai ne zai yi haka?"

"To shi ma aljihun ya auna, ya bar miki rigar. A gaban wuyanki, nan ƙasan maƙogwaro, akwai wani ɗan nama mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, muna kiransa tayirod. Tsawon kowane fiffike ya rubuta. Kuma ya ɗan fi yadda ya kamata girma, shi ya sa wuyan ya cika."

Gwaggo ta ji, amma ba za ta ce ta ji ba. Ta buɗe littafinta, ta lashi yatsa, ta yi ta juya shafi. Sha uku da rabi, sha uku da rabi, shekara da shekaru. Sannan sha huɗu. Sannan sha huɗu da rabi. Sannan sha biyar. Likitar ta jawo littafin ta duba kwanakin watan.

"Shekara huɗu ke nan yana ƙaruwa a hankali. Wannan littafin ya fi min tambaya ashirin. Me ya sa ba ki zo tun a sha huɗu ba?"

"Na ɗauka tef ɗin ne ya tsufa. Sau biyu ina canza shi."

Injiniya ya gaji da jira. "Likita, ki gaya mata gaskiya. Na duba, komai ya haura. Daji ne, ko ba haka ba?"

"Wa ya gaya maka?"

"Waya."

"To wayar ta zo ta duba ta mana." Ta juya takardar jinin ta fuskance su. "Wannan ɗan naman, aikinsa ya riƙa zuba wani sinadari a jini wanda ke sa jiki ya yi ɗumi, ya yi kuzari. Shi ne T4. Nata ya yi ƙasa, shi ya kawo sanyi da barci da mantuwa. Shi kuma TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga wani wuri ne a cikin kai, saƙo ne da ake aika wa naman cewa ya tashi ya yi aiki. In yana aiki, saƙo kaɗan ya isa. In ya yi lalaci, sai a yi ta aikawa."

"Tsawa ke nan," in ji Gwaggo.

"Na'am?"

"Mai koyon ɗinki in tana da hannu, kallo ya ishe ta. Sai malalaciya ake yi wa tsawa. In kin ji shago ya cika da ihu, ba a gama kayan kowa ba." Ta harari takardar. "Talatin da takwas. Ashe har cikin kaina ma faɗa ake yi."

"Haka ne, Mama. Na ukun kuma shi ya gaya mana dalili. Jiki na da sojojin da ke korar cuta. Wani lokaci sai su rikice, su ɗauki wannan naman baƙo ne, su yi ta kai masa hari shekara da shekaru har ya gaji. TPO ɗin nan sawunsu ne a jini."

Gwaggo ta juya a hankali ta dubi ɗanta tun daga takalmi har hula.

"Na gida ke nan. Wanda ka ciyar, ka tufatar, shi zai zo da igiya yana auna maka ƙofa. Dama da ɗan gari akan ci gari."

"Inna, a gaban mutane?"

"Ita ta faɗa, ba ni ba."

"Ni ban faɗa ba," in ji likita. "Ba wanda ya jawo miki, ba kuma abin da kika ci. Yakan bi dangi, ya fi kama mata." Ta kunna hoton a allon kwamfuta, wani toka-toka mai dabbare-dabbare. "Lafiyayyen nama a hoto sumul yake fitowa, launi ɗaya. Dubi naki."

Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. "Asu ya ci wannan yadin."

"Kusan haka. Tabon da ɗanki ya gani ke nan, wuraren da harin ya ɓata ne. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ba ƙullin da ke da siffar da za ta sa mu tsira allura mu ɗebo. Za mu riƙa dubawa, amma wannan ba hoton daji ba ne. Kuma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da jini da abin da mutum ke ji. Naki duka ukun magana ɗaya suke yi."

Injiniya ya sauke numfashi, ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu. Ba zan zalunce shi ba, ya ji daɗi. Amma bai manta abin da ya kawo shi ba.

"To aikin fa? Mai wannan ciwon ai hutu ya kamace ta."

"Magani ya kamace ta. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, za ta maye abin da naman ya kasa yi. Da ruwa kawai, ciki ba komai, a jira aƙalla rabin awa kafin a ci ko a sha wani abu. Zan fara mata da kaɗan saboda shekaru. Bayan mako bakwai a sake jini. Wataƙila har ƙarshen rayuwa za ta sha."

"Ƙarshen rayuwar wa?" in ji Gwaggo. Amma ta karɓi takardar maganin, ta cusa a cikin baƙin littafi.

Ƙwayar ba ta kai maɓallin rigar jariri ba, Gwaggo ta raina ta ƙwarai. Ta sha ne kawai don Injiniya ya ce ba za ta iya jurewa ba. Rabin awan ne ya so ya zama matsala, don ba ta ɗaura agogo, ba ta yarda da na waya ba. Sai ta yi nata lissafin: wuyan riga ɗaya, daga yanka zuwa guga, rabin awa ne a hannunta. Kullum da safe sai ta haɗiye ƙwayar, ta buɗe shago, ta yi wuya ɗaya, sannan ta karya. A makon farko wuya ɗaya na cin awa guda da gyangyaɗi biyu. Ba abin da ya canza, sai zagin likita da ya ƙaru. A mako na huɗu mayafin ya koma ninki ɗaya. A na biyar, mai gyaran takalmi ya watsa ruwan wankin hannu kusa da ƙofarta, kafin ruwan ya gama bin ƙasa ta wanke shi tas har da kakansa. Ya shigo wurina yana murna, ya ce Gwaggo ta warke, zagin yau a yau ya iso.

Jini na biyu ya nuna tsawar ta sauko daga talatin da takwas zuwa tara. Likita ta ce saura kaɗan, ta ƙara ƙarfin ƙwayar. Gwaggo ta nemi layi na uku, na sojojin nan, ba ta gani ba.

"Ina munafukan?"

"Ban sake auna su ba, Mama. Suna nan, ba lallai su tafi ba. Ba su muke bi ba, aikin naman muke bi."

"Wato a gida za mu ci gaba da zama da su."

"Haka nan."

"Na saba," in ji Gwaggo.

Ranar da wata uku ya cika, Injiniya ya zo da motar kaya da janareta huɗu a baya, don an rushe rumfarsa da gaske. Ya tarar da shago a buɗe, mata uku a benci, keke na gudu kamar ana binsa. Ya tsaya a ƙofa. Ba ta ɗago ba.

"Inna, yau ne."

"Na sani. Ga keken nan, zo ka ɗauka."

Ya dubi keken, ya dubi ƙafar da ke kansa, ya dubi matan da suka zuba masa ido. Ya daɗe a tsaye yana jiran ko za ta yi gyangyaɗi ɗaya tak ya samu hujja. Ta gama hannun riga, ta tsinke zare da haƙori, ta ɗauki wani.

"To ni ina zan kai kayan nan?"

"Akwai fili a bayan gida, wajen tsohon kejin kaji. Ka buga kwano. In na ji warin mai a yadin mutane, kai da janaretocin za ku kwana a titi." Ta ɗago a karon farko ta ƙare masa kallo. "Kuma ka cire wannan rigar ka ajiye min. Wanda ya yanka mata wuya ko buhu bai kamata a ba shi ba."

Har yau suna nan, shi a baya, ita a gaba, suna aika wa juna baƙar magana ta taga. Kwanan baya na je kai mata yadi, na tarar da mai gyaran takalmi ya leƙo yana tsokanarta.

"Gwaggo, zan kawo ɗinkin matata. Har yanzu ana haɗa wa mutum da tela a jikin riga, ko an daina?"

Ko sassauta ƙafa ba ta yi ba.

"Je ka tambayi Malama ko ɗinkin ya warware. Sai da aka sa almakashi. Ina barci na yi shi. Kai kuwa idonka biyu ka ɗinke min takalmi, ko bakin titi bai kai ni ba."